Sauron da ya maƙale a ƙaro: Jurassic Park da shekarun da masana suka ruɗu

A ranar Alhamis, 10 ga Yunin 1993, mujallar kimiyya ta Nature da ake bugawa a Landan ta fito da wani gajeren rahoto. Masana biyar, ƙarƙashin jagorancin Raúl Cano na wata jami'a a Kalifoniya, suka ce sun ciro DNA daga jikin wani ƙwaro da ya maƙale cikin ƙaron itace a ƙasar Labanan shekara miliyan 120 zuwa 135 da suka wuce, wato a zamanin da manyan dabbobin nan da ake kira dainoso suke yawo a bayan ƙasa. Washegari Juma'a sai fim ɗin Jurassic Park na Steven Spielberg ya shiga gidajen sinima a faɗin Amurka, kuma labarinsa kacokam a kan wannan batu aka gina shi: jinin dainoso a cikin sauron da ƙaro ya adana. Jaridu suka haɗa labaran biyu wuri guda. Ga mai karatu na wancan mako, masana sun riga sun taka matakin farko na abin da ya gani a majigi.

Cikin shekara huɗu wannan rahoto da ire-irensa suka rushe. To amma fannin binciken da ya haife su bai mutu ba, domin a 2022 ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa shi ya karɓi lambar yabo ta Nobel. Abin da ya faru tsakanin waɗannan shekaru biyu darasi ne a kan yadda shahara take sa masana gaggawa, da kuma yadda ilimi yake gyara kurensa idan aka samu masu taurin kan cewa a sake dubawa.

Inda labarin ya samo tushe

DNA wani dogon zare ne da ke cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jiki. A kansa aka rubuta umarnin gina jikin da haruffa huɗu kacal, A, C, G da T, kuma na ɗan Adam ya kai haruffa biliyan 3. Har zuwa farkon shekarun 1980 ba a ɗauka cewa wannan zare zai daɗe bayan mutuwar mai shi ba. Abubuwa uku ne suka sauya tunanin.

Na farko ya zo a 1982, lokacin da George Poinar da Roberta Hess na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka yanka wani ɗan ƙuda da ya shekara miliyan 40 cikin daskararren ƙaro daga gaɓar tekun Baltik. Da suka duba shi a madubin ƙara girma mai aiki da lantarki, sai suka tarar ƙwayoyin halittarsa suna nan da siffarsu. Tambayar da ta biyo baya a fili take: idan gidan yana tsaye, ina kayan cikinsa?

Na biyu ya zo a 1984 daga ɗakin binciken Allan Wilson, a wannan jami'a dai. Russell Higuchi da abokan aikinsa suka karanta haruffa 229 na DNA daga busasshiyar fatar kwaga, wani nau'in jakin dawa na kudancin Afirka wanda na ƙarshensa ya mutu a gidan namun dajin Amsterdam a 1883. Wannan ne karo na farko da aka karanta rubutun gadon dabbar da ta ƙare a duniya. Shekara guda bayan haka wani ɗalibi ɗan ƙasar Suwidin, Svante Pääbo, ya ba da rahoton ciro DNA daga gawar wani yaro da Misirawan dā suka adana shekara 2,400 da suka wuce.

Na uku kuwa wata dabara ce da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, wadda ake kira PCR. Aikinta shi ne ninka ɗan guntun DNA: ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, har bayan zagaye 30 a samu kwafi kusan biliyan guda. Abin da a da ya yi ƙanƙantar da ba za a iya karanta shi ba, yanzu ana iya tara shi da yawa cikin yini ɗaya.

Michael Crichton, marubucin da ya yi karatun likitanci a Harvard, yana biye da waɗannan abubuwa. Littafinsa Jurassic Park ya fito a Nuwamban 1990, kuma ya ambaci Poinar da Hess cikin waɗanda ya amfana da tunaninsu. Saboda haka labarin yana da tushe a ɗakin bincike. Sai dai abin da Crichton ya aro daga masana fata ne da suke yi, ba sakamakon da suka tabbatar ba.

Abin da aka gani a majigi

A cikin fim ɗin, wani attajiri mai suna John Hammond ya gina lambun dabbobi a wani tsibiri kusa da Kosta Rika. Ma'aikatansa suna haƙo ƙaro mai sauro a ciki, su zuƙo jinin da sauron ya sha a jikin dainoso, su karanta DNA ɗin, su cike guraben da suka lalace da na kwaɗo, sannan su ƙyanƙyashe dabbar daga ƙwai. An yi wannan bayani ne cikin ɗan gajeren zane mai motsi, a sauƙaƙe ta yadda yaro ma zai gane, kuma sauƙin nan shi ne ƙarfinsa. Dabbobin kansu ba su wuce kimanin kwata na sa'a a majigi ba cikin fim mai fiye da sa'a biyu, amma haɗin gumakan inji da zanen kwamfuta ya sa sun zama kamar a taɓa su. Fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 900 a fitowarsa ta farko, bai kuma samu wanda ya wuce shi ba sai da Titanic ya zo.

Ta wani ɓangaren fim ɗin ya yi wa ilimi hidima. Kafinsa, jama'a sun saba ganin dainoso a matsayin ƙaton ƙadangare mai nawa, yana jan jela a ƙasa. Spielberg, da shawarar masanin ƙasusuwan dā Jack Horner, ya nuna dabbobi masu zafin nama da suka fi kama da tsuntsaye, ra'ayin da ya samu ƙarfi tun 1969 lokacin da John Ostrom ya bayyana wani dainoso mai suna Deinonychus. Ta wani ɓangaren kuma an yi son rai. Velociraptor na gaskiya bai wuce girman talo-talo ba, kuma a 2007 aka gano alamun gindin gashin tsuntsu a ƙashin hannunsa. Shi da Tyrannosaurus duk sun rayu ne miliyoyin shekaru bayan ƙarewar zamanin Jurasik da fim ɗin ya ari sunansa. Mahaƙar ƙaron da aka nuna a Jamhuriyar Dominikan take, alhali ƙaron wannan ƙasa shekararsa miliyan 15 zuwa 20 ne, dainoso kuwa sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Sauron da ke cikinsa bai taɓa haɗuwa da su ba.

Waɗannan kura-kurai ne da ake yafe wa mai ba da labari. Babbar matsalar tana ɗakunan bincike.

Tseren wa ya fi tsufa

Tun kafin fim ɗin ya fito an shiga gasa. A 1990 aka ba da rahoton DNA daga ganyen wata bishiya da ya shekara miliyan 17 zuwa 20 a cikin laka a jihar Idaho. A 1992 masanan gidan tarihin halittu na birnin New York suka sanar da DNA daga wata gara mai shekara miliyan 25 zuwa 30 a cikin ƙaro. Sai ƙwaron Labanan a 1993. Kowane rahoto yana zarce na bayansa a shekaru, manyan mujallu suna karɓa, 'yan jarida suna dafifi. Masaniyar tarihin kimiyya Elizabeth Jones ta rubuta littafi guda a 2022 a kan yadda wannan fanni ya girma a ƙarƙashin hasken kyamara, inda sha'awar jama'a take jawo kuɗi da ɗalibai, take kuma tasiri a kan irin tambayoyin da masana suke yi.

Ƙololuwar tseren ta zo a Nuwamban 1994. Scott Woodward na Jami'ar Brigham Young ya wallafa a mujallar Science cewa ya samu DNA daga guntayen ƙashi masu shekara miliyan 80 da aka tono a wata mahaƙar kwal a jihar Utah, ƙashin da ake kyautata zaton na dainoso ne. Hujjarsa ita ce haruffan da ya karanta ba su yi daidai da na wata dabba da aka sani ba.

Wasu masana suka ɗauki haruffan suka auna su da na sauran halittu. Idan na dainoso ne, ya kamata su fi kusa da na tsuntsaye ko kada. Blair Hedges da Mary Schweitzer suka nuna cewa sun fi kusa da na mutum. Ɗakin binciken Pääbo, wanda a lokacin yake birnin Munich na Jamus, ya ƙarasa aikin: ya gano cewa haruffan wani sashe ne na DNA ɗin ɗan Adam wanda ba a saba karantawa ba, shi ya sa ba a gane shi da wuri ba. A 1995 aka buga waɗannan raddodi a mujallar da ta buga rahoton. Dainoson Utah dai gurɓata ce daga jikin wani mutum da ya taɓa ƙashin ko kayan aikin.

A nan ne illar PCR ta fito fili. Dabarar ba ta san tsoho da sabo ba. Duk abin da ta tarar shi take ninkawa, kuma ta fi kama lafiyayyen zare a kan rubabbe. Ɗigon yawu, ɓurɓushin fata, ƙurar da ta rage daga gwajin jiya, kowannensu ya isa ya rinjayi abin da ake nema. A 1997 Jeremy Austin da abokan aikinsa a gidan tarihin halittu na Landan suka sake gwajin ƙaro a kan ƙwari da dama cikin tsananin tsafta, ba su samu komai na ainihi ba. A 2013 masana a Jami'ar Manchester suka gwada da sababbin na'urori a kan ƙudajen zuma da ke cikin ƙaron da bai ma gama zama dutse ba, sakamakon bai sauya ba. Pääbo da kansa ya amince daga baya cewa abin da ya karanta daga gawar Masar a 1985 mai yiwuwa DNA ɗin mutumin zamani ne.

Gargaɗin da aka ƙi ji

Abin mamaki shi ne an yi gargaɗi tun kafin a faɗa ramin. A Afrilun 1993, wata biyu kafin fim ɗin, Tomas Lindahl ya wallafa wata maƙala a Nature a kan yadda DNA yake lalacewa. Lindahl ya shafe shekaru yana auna wannan, kuma ya nuna cewa ko a jikin mai rai dubban haruffa ne suke ɓallewa daga zaren kowace ƙwayar halitta a kullum, saboda ruwa da iskar da muke shaƙa suna cin sa. Abin da yake ceton mai rai shi ne jiki yana da masu gyara da ba sa hutawa. Da zarar rai ya fita gyara ya tsaya, ɓarna kuwa ta ci gaba. A lissafinsa, zancen miliyoyin shekaru masu yawa bai taso ba. Muryarsa ba ta kai ta majigi ƙarfi ba a lokacin, amma a 2015 ya samu lambar Nobel a fannin sinadarai saboda bincikensa a kan gyaran DNA.

A 2012 aka auna saurin lalacewar kai-tsaye. Morten Allentoft da abokan aikinsa suka ɗauki ƙasusuwa 158 na moa, wani ƙaton tsuntsu marar tashi da ya ƙare a Niyu Zilan, masu shekara 600 zuwa 8,000. Suka gano cewa a yanayin wurin, rabin guntayen DNA masu tsawon da suka auna sukan kakkarye cikin shekara 521, rabin sauran kuma cikin wasu 521, haka har ya ƙare. Ko da an ajiye ƙashin a sanyin digiri 5 ƙasa da sifili, lissafinsu ya nuna babu harafi biyu da za su rage a manne bayan shekara miliyan 6.8. Tsakanin wannan adadi da miliyan 66 akwai tazarar da babu na'urar da za ta cike, domin na'ura ba ta karanta abin da babu shi.

An taɓa samun sauro mai ciki cike da jini, amma a cikin dutse, a jihar Montana, mai shekara miliyan 46. Masanan da suka bayyana shi a 2013 sun tarar da sinadarin ƙarfe da ragowar launin jini a cikinsa. DNA kuwa babu.

Wutar da ta tashi a masaƙa

Kunyar shekarun 1990 ita ta tilasta wa fannin kafa dokoki. Ɗakin da ake aikin tsohon ƙashi ya rabu da sauran ɗakuna, iskarsa a tace take, ma'aikata suna rufe jiki tun daga kai har ƙafa, ana gudanar da gwajin da babu samfur a cikinsa don a kama gurɓata, kuma ba a yarda da sakamako sai wani ɗakin bincike na dabam ya maimaita shi. A 2000 Alan Cooper da Hendrik Poinar suka tattara waɗannan sharuɗɗa a wata wasiƙa da Science ta buga, suna kira da a yi aikin daidai ko a bar shi. Hendrik ɗan George Poinar ne, kuma sunansa yana cikin marubutan rahoton ƙwaron Labanan.

An ga amfanin dokokin tun a 1997, shekarar da zancen ƙaro ya mutu. Matthias Krings, ɗalibin Pääbo, ya karanta haruffa kusan 380 daga ƙashin da aka tono a kwarin Neander na Jamus a 1856, na wasu mutanen dā da ake kira Niyandatal, waɗanda suka ɓace kimanin shekara 40,000 da suka wuce. Ba a sanar ba sai da ɗakin binciken Mark Stoneking a Amurka ya sake gwajin ya samu abu ɗaya.

Daga baya masana suka gane cewa lalacewar da ta hana su dainoso ita ce shaidar da suke bukata. Tsohon DNA na gaskiya gajere ne, sau da yawa bai kai haruffa 100 ba, kuma a bakin kowane guntu harafin C yakan rikiɗe a karanta shi a matsayin T. Zaren da ya fito dogo, sumul, babu tabo, shi ne abin tuhuma. Da sababbin na'urori masu karanta miliyoyin guntaye lokaci guda suka zo daga 2005, sai ƙofa ta buɗe. A 2010 aka fitar da kundin gadon Niyandatal, aka ga cewa mutanen da asalinsu yake wajen Afirka suna ɗauke da kimanin kashi 2 cikin 100 na DNA ɗinsu. A wannan shekara kuma ɗan guntun ƙashin yatsa daga kogon Denisova a Saiberiya ya bayyana wata al'ummar dā da ba a taɓa sanin da ita ba. A 2011 aka karanta kundin ƙwayar cutar da ta haddasa annobar da ta ci Turai a tsakiyar ƙarni na 14, daga gawarwakin wata maƙabarta a Landan, kuma Hendrik Poinar yana cikin jagororin aikin. A 2020 Pääbo da Hugo Zeberg suka nuna cewa wani sashe da aka gada daga Niyandatal yana ƙara haɗarin tsananin cutar korona. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa: an fita neman dainoso, aka dawo da tarihin ɗan Adam da na cututtukansa.

Iyakar tsufa ma ta matsa, amma a hankali kuma a wurare masu ƙanƙara kaɗai: doki mai shekara kusan 700,000 daga arewacin Kanada a 2013, haƙoran giwar ƙanƙara masu fiye da shekara miliyan 1 daga Saiberiya a 2021, sai guntaye masu shekara miliyan 2 daga ƙasar arewacin Girinlan a 2022.

Ƙasar ƙashi, ba ta zare ba

Wannan hukunci na zafi da sanyi ya shafi yankin Sahel kai-tsaye. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi arzikin ƙasusuwan dainoso a Afirka. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta jihar Agadas, Bafaranshe Philippe Taquet ya fara tono a tsakiyar shekarun 1960, kuma a 1976 ya bayyana Ouranosaurus nigeriensis. Ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya biyo baya da Suchomimus mai dogon baki irin na kada a 1998, da Nigersaurus mai haƙora fiye da 500 a 1999. Wanda ya ziyarci gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai zai ga irin waɗannan ƙwarangwal da idonsa. Shekarunsu sun haura miliyan 100, kuma duk abin da aka sani game da su daga siffar ƙashi da dutsen da ke kewaye da shi aka karanto.

Ko ga mutanen da suka rayu kwanan nan, zafi ya sa Afirka ta makara a wannan fanni. Sai a 2015 aka samu cikakken kundin gadon wani mutumin dā daga nahiyar, mai shekara 4,500, daga kogon Mota a tsaunukan Habasha. A 2020 aka ƙara da na yara huɗu daga Shum Laka a Kamaru, biyu masu shekara kusan 8,000, biyu kusan 3,000. Nahiyar da ta fi kowace bambancin gado tsakanin mutanenta ita ce mafi ƙarancin samfur, kuma yawancin ɗakunan da ke iya wannan aiki suna Turai da Amurka. Tambayar wa zai ba da izinin niƙa ƙashin kakanni, da inda bayanan za su zauna, tana gaban gidajen tarihi da jami'o'in yankin.

Tsohon mafarki a sabuwar riga

A Afrilun 2025 kamfanin Colossal Biosciences na Amurka ya sanar da cewa ya dawo da wani nau'in ƙaton kyarkeci da ya ƙare fiye da shekara 10,000 da suka wuce. Hotunan fararen 'yan kwikwiyo suka zagaya duniya, aka sake tuno Jurassic Park a kanun labarai. Da aka duba bayanan, abin da kamfanin ya yi shi ne sauya wurare 20 a ƙwayoyin gado 14 na kyarkecin zamani, bisa abin da ya karanta daga tsofaffin ƙasusuwa biyu. Aiki ne na gwaninta, amma masana da dama sun ce dabbar da aka haifa kyarkecin yau ne da aka yi wa kwaskwarima, kuma babbar masaniyar kamfanin, Beth Shapiro, ta amince da wannan bayani a wata hira bayan 'yan makonni.

Tambayoyin da suka rusa dainoson Utah su ne suka dace da wannan sanarwa da duk wadda za ta biyo bayanta, a kan magani ce ko iri ko na'ura: me aka auna takamaimai, da me aka kwatanta shi, wane ne ya maimaita gwajin ba tare da yana da riba a ciki ba, kuma me ya sa aka zaɓi wannan rana don sanarwa. Rahoton ƙwaron Labanan ya fito a mujalla mafi daraja, da sunayen ƙwararru, a makon da duniya ta fi son jin sa. Ya ɗauki shekara huɗu da aikin mutanen da ba su samu komai a gwajinsu ba kafin a ajiye shi gefe.